Bel Ya Ci Rigar Suruki

A duk ma'aikatan injin ƙungiya babu wanda ya kai Kallamu girman jiki, babu kuma wanda ya kai shi jin kunyar suruki. Mutum ne da zai saɓa buhun gyaɗa yana hira kamar matashin kai ya ɗauka. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a nan ƙauyenmu, gabas da Minjibir, aka yanke masa cibiya, kuma banda sunan da tsayin babu abin da ya rage masa na can. Ya taɓa riƙe ɓarawon awaki da hannu ɗaya har mai unguwa ya iso. Amma da zarar ya ji gyaran muryar Ɗan Iya, sai ka ga ƙaton nan ya zubar da takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa.

Ɗan Iya shi ne mahaifin Sakinatu, matar Kallamu. Shi ne kuma bakaniken injin, tun ranar da ƙungiyar manoman gyaɗa ta garinmu ta haɗa ƙarfi ta kafa shi. To ka ga inda Allah ya jarrabi bawansa. Wasu sai salla-salla suke gamuwa da surukansu, shi kuwa kullum da nasa yake wuni a rumfa ɗaya. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya dariya, ba ya miƙe ƙafa. In ƙishirwa ta dame shi sai ya zagaya bayan janareta ya sha ruwa a gaggauce kamar mai laifi.

Aikin Kallamu shi ne zuba gyaɗa a bakin injin matsar mai. Jan makunnin da yake kashe komai yana jikin bango, daidai kafaɗarsa. Ɗan Iya kuwa yana ko'ina, sifana a hannu, babbar riga a jiki. Wannan rigar ita ce abin magana. Ƙungiya ta ɗinka wa kowa shuɗin kayan aiki masu kama jiki, dattijon ya ɗaga nasa ya duba gaba da baya, ya ce shi ba ɗan firamare ba ne, ya ajiye musu abinsu.

Akwai wata al'ada da muka taso da ita a injin. Duk wanda hatsari ya kuskure, Allah ya kiyaye shi, to sai ya yi sadaka. Sadakar kuma ta ƙosai ce, a wurin Aina'u da take suya a bakin ƙofa, kowa da kowa ya ci. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Amma abin da ta haifar shi ne, in buhu ya suɓuto daga sama ya wuce ta gefen kunnen mutum, abin da zai fara yi shi ne ya waiga ya ga ko wani ya gani. In babu kowa, sai ya yi hamdala a zuci ya ci gaba da aikinsa, bakinsa alaikum.

A kakar da nake ba da labari, masu sayen mai daga Kano suka ce sai ƙungiya ta sa wanda zai kula da lafiyar ma'aikata. Aka ɗauko Malama Aisha Humaira, wata 'yar siririya daga Zakirai da ta yi karatu a birni. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma mantuwa. Doka ɗaya ta kafa: kowace safiya kafin a tada inji, a tsaya a gindin darbejiyar tsakar fili, kowa ya faɗi abin da ya kusa faruwa jiya bai faru ba.

“Wanda ya ji ciwo, asibiti ne zai ji labarinsa,” ta ce mana. “Ni wanda bai ji ba nake nema. Abin da ya kuskure ka jiya yana nan inda ka bar shi, yana jiran wani. Ba za a kori kowa ba, ba za a zagi kowa ba. A faɗa kawai, a gyara.”

Muka sa wa taron suna Saura Ƙiris. Da fari shirme aka yi ta zubawa. Wani ya ce saura ƙiris ya makara sallar asuba. Wani ya ce saura ƙiris ya yi wa matarsa alkawarin atamfa, Allah ya taƙaita. Sai Sabiru, wani mai tumbi da bai taɓa barin sadaka ta wuce shi ba, ya gano amfanin abin. Shi ba ya faɗin nasa, na wasu yake faɗa.

“Malama, jiya saura ƙiris Ja'afaru ya faɗo daga tsani,” ya ce, idonsa na kan kaskon Aina'u.

Ja'afaru ya yi masa kallon za mu gamu. Amma Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce a kai ta wurin tsanin, aka tarar da matakala ɗaya da ƙyalle aka ɗaure ta. Kafin azahar kafinta ya gyara. Bayan wannan aka ɗage wayar wutar da take kwance a ruwan famfo, aka rage tsayin jeren buhunan sito. Mutane suka ga abin da gaske ne, baki ya fara buɗewa. Aina'u ta sayi babban kasko, tana yi wa Malama addu'ar miji nagari safe da yamma.

Ɗan Iya ne kaɗai ba ya cewa uffan. Sai ya tsaya gefe yana goga asuwaki, in an matsa masa ya ce, “Mu da muka tsufa da inji, saura ƙiris ba ta san hanyar gidanmu ba.”

Alhali bel ɗin injin ya tsufa ya saki. In aiki ya yi nauyi sai ya riƙa santsi a kan fuli, wato ƙafar ƙarfen da yake juyawa a kai, yana wata ƙara mai shiga haƙori. Maganin da Ɗan Iya ya sani shi ne ya kwance ragar ƙarfen da ta rufe bel ya jingine ta, ya ɗauko dunƙulen kwalta ya danna a jikin bel yana cikin gudu, don ya yi danƙo ya kama. Yakan yi haka ne da tsakar rana, in mutane sun fita cin abinci, ya rage daga shi sai mai zuba gyaɗa.

Wata Talata yana cikin dannawa, hannun rigarsa ya zamo daga kafaɗa. Bel ya cafke. Kallamu bai san lokacin da ya kai wa makunni duka ba. Aka ji kyaaat, inji ya yi gurnani ya tsaya. Dattijon yana sunkuye inda bel ya fizgo shi, yatsunsa dab da fuli, wani yanki na rigar mai faɗin faifai ya naɗe a jikin ƙarfe.

Rumfar ta yi tsit. Ɗan Iya ya dubi Kallamu, Kallamu ya dubi ƙasa. Dattijon ya zare ƙyallen ya cusa a aljihu, ya naɗe hannun rigar a kafaɗa yadda yagar za ta ɓuya, ya yi gyaran murya.

“Wutar nan ba ta da tabbas yau,” ya ce.

“Haka ne, Baba,” in ji Kallamu, wanda tafin hannunsa yake zafi saboda dukan makunni.

“To a kunna mana.”

Aka kunna.

Abin da ya faru a gida kuwa, Sakinatu ce ta ba matata labari daga baya, matata kuma ba ta iya riƙe magana. Da yamma ta ajiye masa tuwo, ta zauna tana dariya.

“Ka ji ɓarnar da akuyar Inna ta sake yi? Ta kuma cin rigar Baba a kan igiya.”

Kallamu ya tsaya da loma a hannu. “Ta kuma?”

“Ai ba yau ta fara ba. Tun farkon kaka take bin rigunansa, kuma abin mamaki hannun dama kaɗai take ci. Baba ne da kansa yake kama ta. Inna ta rantse ranar kasuwa sai ta rabu da ita.”

Kallamu ya ajiye lomar. Ashe abin da ya gani ba shi ne na farko ba, sauran ma shi yana bayan janareta yana shan ruwa aka yi su. Ya ture kwano ya gaya mata komai. Dariyar ta gudu daga fuskarta.

“Ka faɗa a taronku gobe,” ta ce.

“Ni? In tsaya gaban jama'a in buɗe baki in ce Baba ya yi ganganci? Da wane bakin?”

“To ka same shi kai da shi.”

“Ke, ko gaisuwar ina-kwana sai na haɗa gumi nake gama ta. Ke ce 'yarsa, ki je ki yi masa magana.”

“Ni 'yar fari ce, ka manta? Tunda aka haife ni bai taɓa kama sunana ba. In na shiga ɗaki fita yake yi. Inna kuwa in ta ji, garin nan kaf sai ya ji kafin magariba.”

Mutum biyu da suka fi kowa son dattijon nan, su ne biyun da al'ada ta ɗaure wa baki a gabansa.

Kallamu ba mai dabara ba ne, kuma in marar dabara ya ƙulla dabara, sai a yi ta addu'a. Da asuba ya ciro rigarsa ta Juma'a daga akwati, ya sa almakashi ya yanke hannun dama, Sakinatu tana salati. Ya zura ta ya nufi gindin darbejiya. Tunaninsa shi ne in ya ce shi abin ya samu, za a ɗaure raga da kyau, a hana kowa zuwa kusa da bel da babbar riga, shi ke nan an tsira ba a taɓa mutuncin kowa ba.

“Malama, jiya saura ƙiris bel ya ci hannuna,” ya ce, ya ɗaga guntun hannun rigar.

Aka ɗauki salati. Sabiru ya haɗiye yawu, don wannan babbar sadaka ce. Malama ta matso ta duba rigar, ta daɗe tana kallon bakin yankan da ya miƙe sumul kamar aikin tela.

“Malam Kallamu, jiya ai da shuɗin kaya na gan ka.”

“Na... sauya da rana. Sanyi na ji.”

“A rumfar inji?”

“Zazzaɓi ne.”

“Wa ya cire ragar?”

“Ni.”

“Me ya kai ka?”

“Sha'awa,” in ji Kallamu, gumi yana bin wuyansa.

A nan ne ya kamata dattijon nan ya yi shiru, ko don Allah. Ina! Sai ya cire asuwaki daga baki, ya girgiza kai irin na manya.

“Yaran yanzu ba sa jin magana,” ya ce. “Inji ba abokin wasa ba ne. Sau nawa zan faɗa?”

Lokacin ban san gaskiyar ba, har na gyaɗa kai. Yanzu in na tuna sai haushi ya kama ni. Kallamu ya durƙusa ya ce, “A yi haƙuri, Baba, ba zan ƙara ba.”

Malama ta yi masa godiya, ta ce a ɗaure raga da sababbin notuna. Wa zai ɗaure? Bakanike mana, mai sifanar kwancewa. Batun babbar riga kuwa, aka ce an haramta wa masu zuba gyaɗa, don babu wanda ya ga dalilin taɓa dattijon da bai taɓa kuskure ba. Sai Alhaji Sama'ilu, shugaban ƙungiya, ya ƙara da nasa. Ya ce mutumin da sha'awa take kai shi bakin bel bai kamata ya kwana kusa da inji ba, a mai da shi sito ɗinkin buhu.

“Alhaji, na yi alkawari ba hukunci,” in ji Malama.

“Ba hukunci ba ne, hutu ne.”

Aka sa Sabiru a bakin injin. Kallamu ya yi sadakar ƙosai, faranti ya zagaya, Ɗan Iya ya zaɓi manya-manya ya ci ya sa albarka. Mai sadakar ko ɗaya bai kai baki ba, saboda surukinsa yana wurin.

Sito yana can ƙetaren fili. Kallamu ya zauna da basilla da zare yana ɗinke bakin buhuna, kunnensa yana rumfar inji. Da rana ta take, sai ya ji ƙarar nan mai shiga haƙori. Ya leƙa. Ga raga a jingine da bango, ga dattijo a sunkuye da kwalta, hannun riga yana lilo. Sabiru kuwa yana bakin ƙofa, kumatu cike, yana yi wa Aina'u gardamar yaji.

Sai a lokacin Kallamu ya gane abin da ya aikata. Bel bai sauya ba, riga ba ta sauya ba, abu ɗaya kawai ƙaryarsa ta gyara: ta ɗauke hannun da yake kusa da makunni.

Ya ratsa filin a guje, ya tsaya a jikin bango yana haki.

“Lafiya?” in ji Ɗan Iya, bai ɗago ba.

“Basilla nake nema, Baba.”

Basillar tana hannunsa. Haka ya tsaya yana nemanta a ƙasa har aka gama shafa kwalta aka mai da raga.

Daga ranar abin ya zame masa aiki. Da bel ya yi ƙara sai ka ga ƙato ya fito daga sito kamar an koro shi, ya ratsa fili, kaji suna watsewa, ya je neman basilla. Har aka fara raɗe-raɗin ko firgitar da ya yi ta taɓa masa kai. Aina'u ta ba da shawarar a yi masa hayaƙi. Mu muna dariya, shi kuwa yana ramewa. Tsoro ne tsagwaronsa yake cin sa, tsoron ranar da zai shiga bayi, ko a aike shi, ko ƙafa ta harɗe masa a tsakar fili. Ana cikin haka ranar kasuwa ta zo, aka ja akuyar Inna, surukar Kallamu, zuwa Minjibir, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Malama ce ta same shi a sito wata yamma. Ta zauna a kan buhu, ta ɗan jima tana kallon ɗinkinsa.

“Malam Kallamu, ni abin da aka faɗa mini shi nake gyarawa,” ta ce. “Ka faɗa, na gyara. In ba shi ne ciwon ba, to ciwon yana nan, kuma ni ban san inda yake ba. Kai ka sani.”

Ya sunkuyar da kai. “Malama, akwai maganar da in ka faɗe ta a bayan mutum ka zama magulmaci. In ka faɗe ta a gabansa ka zama marar kunya.”

“In ka yi shiru fa?”

Ya ci gaba da cusa basilla a bakin buhu.

“Ba zan matsa maka ba,” ta ce, ta miƙe tana kakkaɓe hijabi. “Amma gudun nan da kake yi, wata rana bel zai riga ka.”

Ya kai wa Sakinatu maganar. Wannan karon ba ta yi shawara da shi ba. Ta ce ita ta gaji da zaman jiran a aiko da mugun labari. Duk yaron da ya yi sallama da rana sai gabanta ya faɗi. Ta ce in kunya ce, su sha ta tare, ita dai tana son ubanta da hannunsa. Ta faɗa tana kuka, Kallamu kuma bai iya jure kukanta.

Washegari aka taru a gindin darbejiya. Ja'afaru ya faɗi wani ƙusa da ya taka bai shige shi ba, aka yi alkawarin share fili. Malama ta ce, “Akwai saura?”

Kallamu ya fito. Ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya je ya tsuguna dab da bishiyar, ya ba jama'a baya. Hancinsa ya kusa taɓa ɓawonta. Da darbejiyar ya yi maganar, mu dai muka saurara.

“Rigar da na kawo rannan, almakashi ne ya ci ta, ba bel ba.”

“To ka dawo mana da tausayinmu,” in ji Sabiru. Wani ya zungure shi.

“Amma bel ya ci riga. Ba sau ɗaya ba. Ba tawa ba ce.”

“Ta wane ne?” in ji Malama a hankali.

Ƙeyarsa ta yi sharkaf da gumi.

“Ta Baba ce.”

Asuwaki ya faɗo daga bakin Ɗan Iya. Kallamu bai gani ba, ya ci gaba da gaya wa bishiya komai: santsin bel, kwance raga, kwalta, ranar Talata, da yadda yatsu suka tsaya dab da ƙarfe.

“Na san na yi rashin kunya,” ya ce. “Na yarda Baba ya nuna ni da yatsa ya zage ni har ƙarshen rayuwata. Yatsan dai ya kasance yana nan.”

Ƙosai yana ƙonewa a kasko, Aina'u ta saki baki da matsami a hannu. Can daga baya wani ya ce ƙasa-ƙasa, “Ashe zaluntar akuyar nan aka yi.” Dariya ta taso wa mutane, kowa ya danne ta da kyar, don fuskar dattijon ba ta dariya ba ce. Ban taɓa ganin sa ƙarami kamar ranar ba, cikin rigar nan mai yawa.

Muna jiran Malama ta tambaye shi dalilin ɓoyewa. Ba ta yi ba. Ta rusuna ta ce, “Baba, kai ne masanin injin nan. Me yake sa bel ɗin santsi?”

Dattijon ya so ya ƙyale ta. Amma tambayar inji ce, kuma Ɗan Iya bai taɓa iya ƙyale tambayar inji ba.

“Ya mutu,” ya ce. “Tun bara ya mutu. Ni nake lallaɓa shi.”

“Me ya hana a sayi sabo?”

“Ban nema ba.” Ya dubi Alhaji Sama'ilu, ya kau da kai. “Yau in ce bel ya tsufa, gobe a ce bakaniken ma ya tsufa, a ɗauko wani yaro daga Kano.”

Alhaji ya yi salati, ya rantse shi bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Malama ta ce ba za a tada inji ba sai sabon bel ya zo, kuma daga yau ragar nan ba za a kwance ta ba sai inji yana kashe, ko wane ne. Aka tashi mai babur zuwa Kano a take. Sannan ta ce, cikin ladabi, saura batun riga. Ɗan Iya bai ce e ba bai ce a'a ba. Ya ajiye sifana a kan benci ya fita daga filin, bai dubi inda Kallamu yake tsugune ba.

Ranar babu aiki, kowa ya watse. Kallamu ya koma gida ya zauna a zaure yana jiran abin da zai biyo baya. Ya ƙiyasta komai: a aiko Sakinatu ta zo gida, a kai ƙararsa wurin liman, a daina amsa gaisuwarsa har abada. Abinci ya zo ya koma.

Bayan la'asar aka yi sallama. Muryar ta sa ya zube ƙasa kafin ya amsa. Tunda aka kawo Sakinatu gidan, ubanta bai taɓa taka ƙofarsa ba, ba a yin haka. Ga shi yau a tsaye a bakin zaure, cikin 'yar shara marar hannu. Kallamu bai taɓa ganin damatsan surukinsa ba. Sirara ne, duk jijiya da tabon ƙuna.

Dattijon bai shiga ba. Bai dubi surukinsa ba, bai kuma dubi ƙofar cikin gida ba, inda ya san 'yarsa tana laɓe. Bangon zauren ya fuskanta.

“A gaya wa mai gidan nan ya kunyata ni a gaban jama'a,” ya ce. “Ban ji daɗi ba, kuma ba na jin zan ji.”

Kallamu ya ƙara dunƙulewa.

“A kuma gaya masa daga wurin Alhaji nake. Na ce gobe a mai da shi bakin makunni.” Ya gyara murya, muryar ta ƙi gyaruwa. “In ba shi ne a tsaye a wurin ba, ni ba zan ƙara taɓa injin nan ba.”

Ya juya ya kama hanya ta tsakanin gonaki, yana tafiya da sauri kamar wanda ya bar abu a wuta. Sakinatu ta leƙo tana share ido da bakin mayafi.

“To, ka ji saƙo,” ta ce.

Kallamu yana nan a durƙushe. Sai da dattijon ya yi nisa, ya tabbata ba zai ji shi ba, sannan ya ce, “Na ji, Baba.”